Kayan Kicin da Ke Aiki Kullum: Jagora ga Uwargida da Amarya

Idan aka zo jeren amarya, kicin na cikin wuraren da ake kashe kuɗi ba ji ba gani. Za ka ga tukwane jeri-jeri, kuloli kala-kala, na'urorin lantarki a cikin kwalayensu ko leda ba a cire ba. Amma a koma gidan bayan shekara guda, a duba abin da hannu ya taɓa har ya dushe. Yawanci bai wuce tukunya uku ba, da wuƙa ɗaya, da muciya, da ɗan turmi, da blanda. Sauran suna saman kanta suna shan ƙura, ga kuɗinsu kuwa da an zuba su a kan kaya kaɗan masu ƙarko, da an huta shekara da shekaru.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan jagora shi ne: kayan kicin ana sayensu ne bisa abin da ake dafawa a gidan da kuma irin wutar da gidan yake da ita, ba bisa abin da aka gani a kicin ɗin wata ba. Wanda ya daka rawar wani, in ji Hausawa, ya rasa turmin daka tasa.

Kafin ki je kasuwa

Ki zauna da takarda ki rubuta duk abin da aka ci a gidanki a mako guda, daga karin kumallo zuwa abincin dare. A yawancin gidajenmu jerin zai fito kamar haka: koko da ƙosai ko shayi da burodi da safe, shinkafa da wake, taliya, dafa-duka, dambu ko ɗanwake da rana, tuwo da miyar kuka, kuɓewa ko taushe da dare. Sai ki duba kowane abinci ki tambayi kanki: wane aiki ne a cikinsa ya fi cin lokaci, wanne ya fi gajiyar da ni, wanne ya fi cin gas? Amsoshin nan su ne jerin sayayyarki.

Tambaya ta biyu ita ce ta wuta. Awa nawa ake samun lantarki a unguwarku, kuma da wane lokaci? Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tayar da janareta don a yi markaɗe kawai ya zama asara. A watan Afrilun 2024 kuma aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ke nan mai wuta tana lissafi, marar wuta ma tana lissafi. Duk na'urar da za ki saya, ki fara juya ta ki karanta ƙarfin wutar da take ja, wanda ake rubutawa da lamba da harafin W a gindinta ko a kwalinta.

Murhu: kada ki dogara da guda ɗaya

Gas ya fi komai sauri da tsabta, ba ya baƙanta tukunya, kuma kina iya rage wutarsa ko ƙara ta yadda kike so. Ga ƙaramin gida, tukunyar gas mai kilo 6 da ake ɗora kai a samanta ta isa farawa. Gida mai yara da baƙi zai fi jin daɗin mai kilo 12.5 da murhu mai kai biyu, don miya da tuwo su tafi tare. Idan za ki sayi murhun, ki ɗaga ƙarfen da tukunya ke zama a kai ki ji nauyinsa. Tuƙin tuwo yana jijjiga murhu, kuma siririn ƙarfe ba ya daɗewa yake lanƙwashewa.

Ki lura da launin wutar. Shuɗiya ita ce lafiyayya. Idan ta koma ja ko ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin kan sun toshe ko iska ba ta shiga daidai. Ki bari ya huce, ki cire kan, ki goge shi da buroshi, ki bi hujojin da siririyar waya.

Gas ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi sama ya fice. Tukunyarsa a tsaye take zama, nesa da wuta, inda iska ke ratsawa, in da hali ma a waje a jawo tiyo. Duk lokacin da aka ɗuro sabon gas, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunyar. Idan kumfa ta riƙa tasowa, yana zuba. Tiyon da ya fara tsagewa ko ya ƙandare, a sauya shi nan take. Idan kin shiga kicin kika ji warin gas, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin fitila ko na fanka. Ki rufe tukunyar, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki fitar da yara.

Kusa da gas, ki ajiye kurfoti. Ranar da gas ya ƙare tuwo na kan wuta, shi ne zai fitar da ke kunya, kuma girki mai daɗewa irin su ganda ko ƙafar sa ya fi sauƙin kuɗi a kan gawayi. Ki zaɓi wanda aka shafe cikinsa da yumɓu, don yana riƙe zafi kuma ba ya cin gawayi kamar na zallar ƙarfe. Sai dai a tsakar gida ake hura shi. Gawayi a rufaffen ɗaki, musamman lokacin hunturu da ake son jin ɗumi, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Mai girki da itace kuwa ta nemi murhu mai tsimin itace, ta yi girkinta inda hayaƙi ke da hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na jawo mutuwar mutane kusan miliyan 3 a duk shekara, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye ko zaune kusa da murhu su suka fi shaƙarsa.

Tukwane uku da kasko ɗaya

Babu gidan da ke buƙatar tukunya goma sha biyu don girkin yau da kullum. Uku sun isa: ƙarama ta ɗumame da dafa ƙwai, matsakaiciya ta miya, babba ta tuwo da shinkafa. Abin dubawa shi ne kaurin gindi da zaman murfi. Tukunya mai siririn gindi tana kama abinci kafin ya dahu, ita ce ke sa tuwo ƙauri, kuma tana sa a yi ta tsayuwa a kanta.

Tukunyar dalma ta maƙeran gida, irin wadda ake zubawa a Fanteka ta Kaduna da sauran garuruwa, tana da nauyi, tana jure itace da gawayi, kuma babu kamarta wajen tuƙi. Amma daga tarkacen ƙarafa ake narka ta, kuma binciken da aka yi kan irin waɗannan tukwane a wasu ƙasashen Afirka ya nuna cewa wasunsu na sakin gubar darma a cikin abinci, musamman mai tsami. Saboda haka kada ki dafa zoɓo ko tsamiya a cikinta, kada kuma miyar tumatir ta kwana a ciki. Wannan aiki na tukunyar silba marar tsatsa ne. Kanwa ma tana baƙanta irin wannan tukunya ta dalma, don haka abincin da aka sa wa kanwa a juye shi da zarar ya dahu.

Kasko mai zurfi na baƙin ƙarfe shi ne na ƙosai, dankali, awara da suyar naman Sallah. Yana riƙe zafi, shi ya sa idan kin zuba ƙullu man ba ya sanyi har ƙosan ya sha mai. Bayan wanki ki ɗora shi a wuta ya bushe, ki shafe shi da ɗan mai don kada ya yi tsatsa. Kaskon zamani da ba ya kamu yana da daɗi wajen wainar ƙwai, amma yana da sharuɗɗa: ba a sa masa cokalin ƙarfe, ba a goge shi da soson waya, ba a barinsa a wuta babu komai a ciki, domin shafen da ke cikinsa yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260. Da zarar ya fara ɓarewa, aikinsa ya ƙare.

Tukunyar firesha: mai rage kuɗin gas

Idan akwai abu ɗaya na zamani da zan ce kowane gida mai cin wake ya mallaka, to wannan ce. Sirrinta mai sauƙi ne. A tukunyar da aka saba, ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma duk wutar da za ki ƙara ba zai wuce nan ba. Ita kuwa tana kulle tururi a ciki, matsin ya ƙaru, zafin ya kai wajen digiri 120. Wannan ɗan bambanci shi ke sa waken da zai ci fiye da awa guda ya yi laushi cikin minti 20 zuwa 25, ganda da ƙafar sa kuma su sauko daga awa biyu ko uku zuwa ƙasa da awa ɗaya. Ba sai kin cika wa wake kanwa ba kafin ya dahu. Ba ta buƙatar lantarki, tana hawa gas, tana hawa risho.

Mata da yawa na tsoronta saboda labarin fashewa. Mafi yawan haɗarinta daga saɓa ƙa'ida ne, kuma ƙa'idojin ba su da yawa:

1. Kafin ki rufe, ki ɗaga murfin ki duba hujin fitar tururi ta hasken rana. Idan ba ki hango haske ba, a toshe yake, ki wanke shi.
2. Kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku. Idan wake ne ko wani abu mai kumfa, rabi kawai.
3. Kullum da ruwa a ciki, aƙalla kofi ɗaya zuwa biyu. Ba a suya a cikinta a rufe.
4. Idan ta fara huci, ki rage wuta, daga nan ki fara ƙirga lokaci.
5. Idan kin sauke, ki bar ta ta huce har matsin ya sauka da kansa. Murfin da ya ƙi buɗuwa ba a yi masa ƙarfi. Yana gaya miki ne da sauran tururi.
6. Robar bakin murfin ita ce ranta. Ki wanke ta daban, ki sauya ta idan ta saki ko ta tsage. Tun a shago ki tambaya ko ana samun robar irinta, in ba a samu ki nemi wata.

Mai lita 5 zuwa 7 ta dace da matsakaicin gida.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ki samu kwando ko kwali mai zurfi, ki shimfiɗa tsofaffin barguna ko zannuwa a ciki. Idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai na wasu mintuna, ki sauke tukunyar a rufe, ki sa ta a ciki, ki lulluɓe ta ko'ina. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar, kuma ba za ta kama ba.

Turmi da blanda: kowa da aikinsa

Wasu na ganin zuwan blanda ya kori turmi. Mai girkin da ta san ɗanɗano ba za ta yarda ba. Turmi yana farfasa attarugu da albasa ne ba tare da ruwa ba, shi ya sa jajjage ke soyuwa da wuri, ƙamshinsa ya tashi, kuma a gan shi a cikin abinci. Blanda sai da ruwa, kuma wannan ruwan sai an ƙone shi a wuta kafin miya ta daina tsami. Daddawa, citta, tafarnuwa, busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli duk sun fi son turmi, haka ma sakwara.

Ki nemi ƙaramin turmi na jajjage, na icce mai tauri kamar ƙirya. Ki duba gindinsa da bakinsa kada a samu tsaga, ki kuma gwada taɓaryar a hannunki ki ji ko ta zauna. Sabon turmi ana fara daka dusa a cikinsa don ta kwashe ɓurɓushin icce, sannan a wanke a shafa mai. Ba a barinsa da ruwa a ciki, ba a kuma yasar da shi a rana, don duka biyun suna tsaga shi. Bayan wanki a kife shi a inuwa.

Blanda kuwa tana raba ki da aiken yara wurin injin markaɗe, da jiran layi, da ƙullun da ya dawo da ɗanɗanon abin da aka markaɗa kafin naki. Wajen saye, ƙarfi ake dubawa ba kyan jiki ba. Mai wat 300 zuwa 400 ta tumatir da kayan lambu ce kawai. Idan kina son ta riƙa yi miki waken ƙosai da alala, da shinkafar waina, da aya, ki nemi mai wat 600 zuwa sama, wadda ke da ƙaramin kofi na niƙa busassun kayan ƙamshi. Ki duba haƙoran da ke haɗa kofin da injin, domin nan ne ke fara cinyewa, ki tambaya ko ana sayar da su daban.

Yadda za ta daɗe: ki fara zuba ruwa kaɗan da abu mai laushi a ƙasa, mai tauri a sama. Kada ki wuce rabin kofi idan wake ne. Ki kunna na kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ki kashe ta huta, ki sake. Yawancin blandojin da suka ƙone, dogon gudu babu hutu ne ya kashe su. Ƙullun ƙosai da kauri ake son sa, saboda haka ruwan a hankali ake ƙara shi, iya wanda zai sa wuƙar ta juya. Aya a jiƙa ta ta kwana, dabino a cire ƙwallonsa, busasshiyar citta a fara farfasa ta a turmi. Kada ki zuba abu mai tafasa ki rufe ki kunna, tururin zai tunkuɗe murfin ya watso miki. Idan wuta ta yi ƙasa kina jin injin yana nishi, ki kashe. Wankinta kuwa, ki zuba ruwan ɗumi da ɗigon sabulu ki kunna na ɗan lokaci, sannan ki ɗauraye. Gindin injin ba ya shiga ruwa.

Wuƙa da katakon yanka

Wuƙa biyu sun wadatar: babba ta nama da kabewa da doya, ƙarama ta feraye. Dakusasshiyar wuƙa ta fi kaifaffa yanke mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta zame. Ki ajiye dutsen wasawa, ki jiƙa shi, ki riƙa goga kowane gefe a kai a kai, ba sai ta mutu gaba ɗaya ba. Ki duba cewa ƙarfen ya ratsa har cikin ƙota, don irin wannan ba ta gutsirewa.

Da yawanmu a hannu muka koyi yanka albasa da alayyafo, kuma akwai gwanaye a haka. Duk da haka katako ya fi sauri, ya fi kiyaye yatsu. Ki tanadi biyu, ɗaya na ɗanyen nama da kaza da kifi, ɗaya na ganye da kayan da za a ci ɗanye kamar latas, kabeji da tumatir na kwaɗo. Ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyar kaza wuta ce ke kashe su; idan suka hau ganyen da ba za a dafa ba, kai tsaye ciki za su. Na naman a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a jingine shi ya bushe.

Ƙananan kaya masu babban aiki

Muciya ita ce sarauniyar tuwo. Tsawonta ya dace da zurfin tukunyarki, yadda tururi ba zai ƙona miki hannu ba, kuma ta zama mai santsi babu tsaga inda gari zai maƙale. Maburgi shi ke hana miyar kuka gudaji, shi ke kaɗa kuɓewa, shi ke dama talge. Mara ta kwashe tuwo da mulmula shi. Ta ƙwarya ba ta ɗaukar zafi kamar ta roba. Ki rage naɗe tuwo mai zafi a leda: ki mulmula da mara, ki jera a kula, zai zauna lafiya.

Rariya biyu ake so, mai laushi ta tankaɗen garin tuwo, da mai ɗan faɗin ido ta tsakin dambu. Gwagwa ta tsane taliya, shinkafa da ganye. Ƙyallen tata na koko, kunun aya da awara a ware shi, a wanke shi nan take bayan aiki, a shanya a rana, don idan ya kwana da gasara tsami yake yi. Cokali mai huji na tsame suya, ludayi na miya, faifai na tsince wake da fece hatsi, da abin goga kuɓewa da karas, duk kuɗinsu bai kai na kula ɗaya ba, amma babu ranar da ba a nemansu.

Madambaci ya wuce dambu kaɗai. Da shi za ki turara alkubus, alala, burabusko da wasa-wasa, ki kuma ɗumama shinkafar jiya ta dawo warwar ba tare da ta kama ba. Idan tururi na tserewa ta mahaɗar sama da ƙasa, ki naɗe wurin da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ko ki liƙe da ɗan kwaɓaɓɓen gari. Tanda kuwa, idan gidanki masu son waina ne, ki saye ta tun kafin azumi. Sabuwar tanda ta ƙasa ko ta ƙarfe sai an horar da ita: a shafe gurabunta da mai, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a goge, a maimaita har ta daina kamu. Bayan haka ba a dirje ta da sabulu, gogewa ake yi.

Ki kuma tsayar da ma'auni guda. Ko gwangwanin madara ne ko kofi, ki riƙe shi shi kaɗai, ki san gwangwani nawa na shinkafa ke isar gidanki da ruwa nawa yake sha. Da ido ake girki idan an ƙware, amma ma'auni shi ke hana ragowar da za a zubar, kuma shi ke sa 'yarki ta koya da wuri.

Kula, fulas da firji

Kula mai kyau tana ba ki damar gama girki da wuri ki kama wani aiki. Wajen saye ki duba cikin ya zama silba, murfin kuma yana kulluwa gam. Kafin ki zuba abinci, ki ɗauraye ta da ruwan zafi don ta ɗauki ɗumi. Amma kula ba firji ba ce. Abincin da ya sauka daga zafi ya koma ɗumi-ɗumi, a nan ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa, kuma shawarar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. Abin da ya kwana a tafasa shi sosai kafin a ci. Fulas babba ta ruwan zafi kuwa tana hana kunna gas sau biyar don shayi, kunun yara da madarar jariri.

Firji ko firiza sai inda wuta ke samuwa ko akwai sola mai ƙarfi. Inda ake ɗauke wuta, firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi, domin sanyi ƙasa yake zama. Cikakkiyar firiza da ba a buɗe ba tana iya riƙe ƙanƙara har kwana biyu, rabin cika kuwa kamar kwana ɗaya, kuma a zafin bazara ki sa ran ƙasa da haka. Ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare. Ki raba miya da markaɗe a ƙananan robobi na girki ɗai-ɗai, don kada ki narkar da duka ki mayar. Ki haɗa ta da na'urar daidaita wuta, saboda dawowar lantarki da ƙarfi na ƙona injinta.

Ajiyar busassun kaya

Gari, shinkafa, sukari da kayan ƙamshi suna son mazubi mai murfi da ke hana iska, danshi da kyankyasai. Kwalaben da aka gama amfani da su, a wanke a busar, sun fi leda. Mai sayen wake da yawa lokacin kaka ta nemi buhun PICS mai ninki uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka kuma yaɗa shi a Najeriya da Nijar. Idan aka ɗaure kowane ninki da kyau, iska na ƙarewa a ciki, ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba wa abincin iyali maganin ƙwari ba. Busasshiyar jarka mai murfi gam, a cika ta har baki, ita ma tana wannan aiki.

Waɗanda za su iya jira

Butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,200. Na'urar suya da iska mai zafi da murhun lantarki yawancinsu sun haura wat 1,000. Ƙaramin janaretan gida, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke su ba, haka ma ƙaramar sola. Idan wutarku tsayayya ce kuma aljihu ya yarda, suna da amfani. Idan ba haka ba, ki bar su sai gaba. Haka injin sakwara a gidan da ake cin ta sau ɗaya a wata, da na'urar gasa burodi, da saitin wuƙaƙe goma da biyu kawai za a taɓa.

Yadda za ki jera sayayya

Idan kuɗin ba zai isa a tashi ɗaya ba, ki bi wannan tsari. Da farko murhu da kurfoti, tukwane uku masu kauri, kasko, wuƙa biyu da katako, muciya, maburgi, mara, ludayi, rariya da ƙaramin turmi. Da waɗannan babu abincin gidan Bahaushe da zai gagare ki. Na biyu kula, fulas, madambaci da mazubai masu murfi. Na uku blanda mai ƙarfi da tukunyar firesha. Firiza da sauran kayan lantarki su zo a ƙarshe.

Kayan icce da na ƙwarya ki neme su wurin masu sassaƙa da tsofaffin kasuwanni irin su Kurmi a Kano, inda za ki ɗauka ki juya ki zaɓa. Kayan lantarki kuwa kada ki biya sai an kunna a gabanki, an ba ki rasit, kin kuma tabbatar akwai mai gyaransu a garinku. Na hannu da ake shigowa da su daga waje a duba lambar wutarsu: namu 220 zuwa 240 ne, na Amurka kuwa 110 zuwa 120, kuma idan aka soka irin wannan kai tsaye ƙonewa zai yi. Araha ba ta ado; gara ki jinkirta wata biyu ki sayi blanda ɗaya mai ƙarko da ki sayi uku a shekara.

Iyaye masu haɗa kayan ɗaki su ma su duba wannan tsari. Ku tambayi yarinyar abin da ta iya dafawa, ku binciki wutar unguwar da za ta zauna, ku rage yawa ku ƙara inganci, abin da ya saura na kuɗin ku damƙa mata ta cike gurbin da za ta gano da kanta bayan ta fara girki a ɗakinta.